Kafin Gaɓa Ta Rufta: Nasiha Ga Masu Cin Abinci a Rami

 

Wannan nasiha ce zuwa ga 'yan'uwana mutanen karkarar arewacin Kano, tun daga Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi da Bagwai da Tsanyawa, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoda. Ina magana ne musamman da waɗanda abincinsu ke cikin rami: masu haƙar yashi da burji da jar ƙasa, da masu fasa dutse, da masu ginin rijiya, da samarinmu da ke tafiya ci-rani wuraren haƙar zinare. Na haɗa da masu gonakin da ake haƙa, da masu tifa, da iyayen ƙasa, domin ranar da rami ya rufta ba mai diga kaɗai ke da hannu a ciki ba.

Da an ce ma'adinai sai hankali ya tafi zinaren Zamfara, ko kuzar Jos da ta Riruwai. Mu a nan ma'adininmu ita ce ƙasar da muke takawa. Birnin Kano kullum faɗaɗa yake yi, kuma duk bulon da aka buga a sababbin unguwanni, duk titin da aka zuba wa burji, daga gonar wani ko gaɓar wani rafi aka ɗebo. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ma ba ta bar yashi da tsakuwa da marmara a baya ba, duk ta sa su cikin abin da ake neman izini kafin a haƙa. Ga shi kuma ƙasarmu a matse take. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, babu wani dajin da za a je a yi rami nesa da jama'a. Duk inda aka kafa diga, to kusa da turbar mutane ne, ko bayan gidan wani, ko hanyar da yara ke bi zuwa makaranta.

Ba sana'ar nake kuka da ita ba. Halal ce, gumi ne, tana rufa asirin gidaje masu yawa a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Abin da nake kuka da shi guda ne: ramukanmu sun rasa mai cewa "a fito" a ji maganarsa.

A da, ginin rijiya sana'ar gado ce kamar ƙira da jima. Yaro kan daɗe yana jan guga a bakin rami, yana zubar da ƙasa, kafin a yarda ya sa ƙafa a ciki. A wannan zaman yake sanin halin ƙasa. Ya san jigawa ba ta riƙe kanta. Ya san laka takan tsaya ƙyam da rani, ta ci amanar mutum da ta sha ruwa. Ya san inda marmara ta ƙare ƙasa mai taushi ta fara, nan ne wurin tsoro. Da safe maigida ba ya gaggawa. Zai zauna ya bi igiya da hannunsa kamu-kamu yana neman inda ta fara cinyewa. Sannan ya kunna fitila, ya ɗaura mata zare, ya zura ta a hankali yana leƙe. In harshen wutar ya tsaya yadda yake, sai a yi bismillah. In ya fara ƙanƙancewa yana neman mutuwa, sai ya jawo abarsa ya ce yau ba shiga, sai an kaɗa iska. Yaro na iya cewa, "Baba, ai jiya lafiya muka fito." Amsar ba ta wuce, "Jiya daban, yau daban. Naɗe igiyar." Shi ke nan magana ta ƙare. Ko mai rijiyar da ya biya kuɗi ba ya musu, don ya san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ban ce a wancan zamani rami ba ya cin mutum ba. Yana ci. Amma aikin yana tafiya ne da saurin jaki da mangala, kuma akwai wanda alhakin rayukan ke wuyansa, kowa ya san shi da suna. Yau tifa ce ke jira, injinta a kunne, kuma mai ba da umarni a bakin rami shi ne wanda ya fi kowa gaggawa.

Ku je kowane ramin yashi ko na jar ƙasa ku tsaya ku gani. Gaɓa ce ta kai tsayin mutum uku, a miƙe. Babu mai haƙa daga sama, don saman ya bushe ya yi tauri. Kowa gindin yake ci, inda ƙasa ke da danshi da taushi, shebur na shiga ba wahala. Ana ƙwaƙule gindin har ya zama rumfa, wai in saman ya faɗo da kansa ya rage musu aiki. Da rana ta take, a cikin inuwar wannan rumfar ake zama a sha fura, a ƙirga kuɗi. Tifa kuma ta yo baya-baya har kusa da gaɓar, ƙasa na rawa a ƙarƙashin tayoyinta. A can sama wata tsaga ta buɗe, ta fi taku goma tsawo, amma ba wanda ya hau ya gani. Sai ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan a kan wuyan masu lodi. Wani dattijo da ke gefe ya ce, "Samari, ku fito, gaɓar nan ta yi magana." A ce masa, "Haba Kawu, saura kaɗan motar ta cika." Direba ya danna hon. Ba a biyan kowa kuɗin yini, da lodi ake biya, don haka wanda ya fito shi ya yi asara, kuma shi za a yi wa dariyar tsoro.

Da yawanmu ba mu san nauyin abin da ke rataye a kanmu ba. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya kai wajen tan ɗaya da rabi, wato kusan buhun masara 15. Gaɓar da ke ɓallewa kuwa takan ninka haka sau da yawa, kuma kafin ƙiftawar ido ta sauko. Ba mai tsere mata da gudu. Ba ma sai ta rufe kan mutum ba. In ta kama shi zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ƙasar ta ƙara matsewa, ya kasa jawo wani. Mintoci kaɗan ne tsakaninsa da lahira, alhali fuskarsa na waje yana kallon masu kuka. Shi ya sa a ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, kamar Amurka, ramin da ya kai zurfin ƙafa 5 doka ta hana a shiga sai an tokare bangonsa ko an kwantar da gaɓarsa, kuma ƙasar da aka fitar sai an ja ta baya daga baki aƙalla ƙafa 2. Ƙafa 5 ko tsayin mutum ba ta kai ba. Mu kuwa muna zaune ƙarƙashin ninkinta uku muna hira.

Wannan halin shi samarinmu ke ɗauka su tafi da shi ramukan zinare, inda zurfin ya ninka, haɗarin ma ya ninka. A ranar 7 ga Nuwamban 2021, a Garin Liman kusa da Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, ramukan zinare suka rufta, mutum 18 aƙalla suka rasu. Watanni kaɗan kafin nan aka gano zinaren, dubban mutane suka yi dafifi daga Nijar da Nijeriya, kowa ya kafa raminsa kusa da na wani. A irin wannan wuri kowa na bin jijiyar dutse ta ƙarƙashi, bangon da ke tsakanin rami da rami yana sirancewa, har a wayi gari ba abin da ke riƙe da saman. A watan Yunin 2024 kuma, a Galkogo cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, rami ya rufta da mutane masu yawa bayan ruwan sama mai ƙarfi, aka yi kwanaki ana tono. A Janairun 2024 ɗin ma, a yankin Kangaba na ƙasar Mali, sama da mutum 70 suka tafi a rami guda. Wurare daban-daban, amma dalilan ba sa canzawa: bango ba tokara, rami kan rami, aiki bayan ruwa, da rashin mai iko ya ce a dakata.

Ruftawa ma ita ce mai ƙara, wadda ake ji har a rediyo. Akwai masu kisa a ɓoye. Na farko iska ce. Ramin da ya yi zurfi, ko tsohuwar rijiyar da aka daɗe ba a shiga ba, iskar numfashi kan yi ƙaranci a ƙasanta. Mun kuma ƙara wa kanmu wata masifar da kakanninmu ba su sani ba, wato zura injin ban-ruwa ko janareto cikin rami don a zuƙe ruwa. Hayaƙin injin na ɗauke da guba marar wari marar launi, wadda ko gwajin fitila ba ya nuna ta. Mutum zai ji kansa na sarawa, gwiwarsa ta saki, ya zauna ya huta, daga nan bai ƙara tashi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ke biyo baya. Ɗan'uwansa ya leƙa ya gan shi kwance, zuciya ta ɗebe shi ya dira, shi ma ya faɗi. Na uku ya bi. Sau nawa muka ji ma'aikatan kashe gobara na jihar Kano sun ciro gawa biyu ko uku daga rijiya ɗaya ko masai ɗaya? Na farko ne kaɗai ya shiga aiki. Sauran ceto suka je.

Mai kisa na biyu a ɓoye ƙura ce. Mai fasa dutse da mai niƙa shi suna shaƙar gari mai laushin da ido ba ya gani, ya je ya zauna a huhu ya yi tabo. Ba ya fita, ba shi da magani, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Sai bayan shekaru a ga ƙato ya rame yana haki daga ɗaki zuwa masallaci, a ce sammu ne. In kuma dutsen na da dalma, to abin ya wuce kan mai aikin ya shiga gidansa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, da suka haɗa da Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano har da Bagega. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kawo dutsen cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara 400 aƙalla suka rasu, dubbai suka sha magani, wasu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Da mun ɗauki darasi da an ce ta zama izina. Amma a 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Saurayin da ya dawo daga ci-rani da kayan aikinsa a jiki, ya ɗauki ɗansa ya rungume kafin ya yi wanka, bai san tsarabar da ya kawo ba.

Duk sanda irin wannan ta faru, maganarmu ɗaya ce a wajen zaman makoki: "Kwana ne ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, babu ran da zai wuce ajalinsa, kuma wannan magana ce ta sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Kuskurenmu shi ne mun ɗauko ta daga wajen ta'aziyya mun kai ta bakin rami, mun mai da ita hujjar ƙin gyara. Imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. A Suratul Baƙara an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Wasu kan kafa hujja da hadisin da ya nuna babu diyya ga wanda rijiya ko ramin ma'adini ya kashe. To, malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wannan yana kan wanda ya haƙa a inda yake da haƙƙin haƙawa, ba tare da ta'adi ba. Wanda ya yi rami a kan hanyar jama'a wani ya faɗa, lamuni na kansa. Ya kamata malamanmu su fito da wannan babi daga cikin littafi su hau mumbari da shi, domin a garuruwanmu mas'ala ce ta yau da kullum, ba ta ɗalibai kaɗai ba.

Waɗanda muke gani sun iya kiyaye rai a wajen haƙa, ba da iyawar aka haife su ba. Gawa ce ta koya musu, bambancin kawai su sun yarda su koya. A 1862, a ramin kwal na Hartley da ke Ingila, wani ƙaton ƙarfen injin zuƙar ruwa ya karye ya faɗa ya toshe bakin ramin, wanda shi kaɗai ne hanyar shiga da fita. Mutum 204 suka mutu, ciki har da yara. Ba su tsaya ga jaje ba. Suka bincika, suka gane cewa rashin ƙofa ta biyu ne ya kashe mutanen, kuma a cikin shekarar aka yi doka cewa kowane ramin kwal sai da mafita biyu. A 2010 kuma, shekarar da muke binne yaran Zamfara, rami ya rufta da mutum 33 a ƙasar Chile, a zurfin kusan mita 700, suka yi kwana 69 aka fito da su duka da rai. Akwai ɗakin fakewa da aka tanada a ƙasa, na sama sun san adadin waɗanda ke ciki da sunayensu, na ƙasa kuma suna da shugaban aiki, Luis Urzua, wanda ya tsara musu ɗan abincin da ya rage suka bi maganarsa, kuma shi ne na ƙarshe da ya fito. Mu fa? In rami ya rufta a wajenmu, tambayar farko da ke gagarar amsa ita ce: mutum nawa ne a ciki?

Saboda haka ga kirana, kuma zan fara da ku masu diga da shebur, don ranku ne a gaba. Ku ci gaɓa daga sama zuwa ƙasa, hawa-hawa kamar yadda ake yanka matakala, kada ku ci gindinta. Rumfa haramun ce a rami, ko ta aiki ko ta hutawa. Ƙasar da kuka fitar ku ja ta nesa da baki. Kowace safiya, kafin kowa ya sauka, mutum ɗaya ya hau sama ya zagaya ya duba tsaga. In an yi ruwa da dare, a ba ramin hutu har ya tsane, a sake dubawa. A ajiye mutum ɗaya a sama wanda ba ya lodi, aikinsa kallon gaɓa kawai da usur a bakinsa, kuma a raba kuɗi da shi daidai da kowa, don shi ne ya fi kowa aiki. A rubuta sunan duk wanda ya shiga, a soke in ya fito. Ramin da ya yi zurfi a tokare shi da katako, a yi masa mafita ta biyu. Inji ya zauna a waje, nesa da baki, tiyo kaɗai ya shiga. Mai shiga rijiya ya ɗaura igiya a jikinsa, mutum biyu na riƙe da ita a sama. Masu dutse ku jiƙa shi kafin ku fasa ko ku niƙa, don an gwada wannan a wuraren zinaren Zamfara an ga ƙura ta ragu ƙwarai. Ku yi wanka ku canza kaya a wajen aiki, kuma dutsen zinare kada ya ƙetare ƙofar gida. Sannan ku rabu da ƙwaya. Wanda ya sha abin da zai hana shi jin gajiya, ya sha abin da zai hana shi jin tsoro, kuma a rami tsoro ne ke mai da mutum gida.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙo ku sauya. In gaɓa ta zubo ba ta sami kowa ba, ko igiya ta tsinke mutum ya tsallake rijiya da baya, kada a yi dariya a ce Allah ya kiyaye a koma aiki. A zauna a tambayi juna me ya jawo, a faɗa wa na ramin gaba. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ce ya ga tsaga a gode masa, ko da an duba ba a ga komai ba, domin in aka kunyata shi yau, gobe zai gani ya yi shiru.

In kuma abin ya riga ya faru, a sani cewa gaɓar da ta zubo sau ɗaya tana iya ƙarawa. A kori 'yan kallo daga baki, nauyinsu kaɗai ya isa ya sake ɓallo ta. A kashe duk injin da ke kusa. A kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112 nan take, ba sai an gaji ba. In an kusa inda mutum yake a ajiye diga a koma hannu da kwano, a fara buɗe masa fuska da ƙirji. Wanda ƙasa ta danne na tsawon lokaci a kai shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa, don illar kan bayyana a ƙoda daga baya. Wanda ya faɗi a rijiya kuwa, kada kowa ya bi shi sai da igiya a jiki da masu ja a sama, bayan an kaɗa iska.

Ku kuma masu tifa da 'yan kwangila, Alhazai, ku ji tsoron Allah. Kuɗinku ne ke juya ramin. Ranar da kuka ce motarku ba ta ɗaukar lodi a ramin da aka yi wa rumfa, ranar za a daina yin ta. Ku hana direbobinku matsawa bakin gaɓa, ku hana su yi wa masu lodi hon. Hular kwano da igiya mai kyau da takunkumin hanci ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Yara kuma ku sallame su. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa, kuma ko ba doka, ɗan da ba za ka tura naka ba kada ka tura na wani.

Mai gona, kai ma da kai nake. Na san taki ya yi tsada, na san kuɗin da ake miƙo maka a dunƙule yana da daɗi. Amma gonar da kakanka ya yi ta kai wa taki a bayan jaki tana ba ka gero da dawa da gyaɗa kowace shekara, ƙasarta kuwa sau ɗaya ake sayarwa. In ka ga lallai sai ka sayar, a yi yarjejeniya a gaban dagaci: iyakar zurfi, da ratar da za a bari tsakanin rami da gonar maƙwabci da turba, da wanda zai kwantar da gaɓa ya cike in an gama. Ramin da aka bari a buɗe, da damina ta sauka ya zama kududdufi mai miƙaƙƙen bango, yaro ya je wanka ko makiyayi ya je shayarwa ya zame, ba inda zai dafa ya fito. Kuɗin an daɗe da cinye su, alhakin yana nan.

Iyayen ƙasa, masu unguwanni da dagatai da hakimai, Allah ya ja zamaninku, a hannunku maganin yake. Kasuwa na da sarki, mahauta na da sarkin pawa, maƙera na da nasu, tasha ma na da shugaba. Don me rami, inda ake rasa rai, zai zauna ba mai shi? Kowane rami a ƙasarku a naɗa masa dattijo wanda ya san ƙasa, a sanar a gaban jama'a cewa in ya ce a fito an fito, wanda ya ƙi kuma ya bar ramin. A yanka masa wani abu daga kowane lodi, don kada abincinsa ya dogara ga cikar mota. Ku nemo tsofaffin maginan rijiya da suka rage, ku zaunar da samari a gabansu tun ilimin bai bi su kabari ba.

Hukuma kuma ta gane cewa hani kaɗai ba ya cike rami. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba a ɗage ba sai a Disambar 2024, kuma kowa ya san ba a daina haƙa ba a tsakani, sai dai aikin ya koma ɓoye inda ba mai duba shi. An kafa dakarun tsaron ma'adinai a 2024 don kama masu haƙa ba izini. To, a haɗa da masu koyarwa. Dokar 2007 ta yi tanadin ƙananan mahaƙa su haɗu su yi ƙungiya a yi musu rajista a taimaka musu da ilimin aiki. A sauƙaƙa wannan hanya, a kawo ta kusa, da Hausa, yadda mai shebur a Kunchi zai iya bi. Kuma duk ran da aka rasa a rami, ƙaramar hukuma ta bincika ta faɗa wa jama'a dalili a rediyo, ba don a tozarta kowa ba, don na gaba ya ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ba na neman a jira kuɗi daga Abuja kafin a fara. Mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin ko sisi, sai dai haƙurin rasa lodi ɗaya ko biyu a yini. Kafin ruwan farko na damina mai zuwa ya sauka, kowane gari ya san ramukan da ke ƙasarsa, kowane rami ya san shugabansa, kowane uba ya tambayi ɗansa mai tafiya ci-rani wa ke duba ramin da zai shiga. Matasa kuma ku sani fitowa daga rami in an ce a fito ba ragwanci ba ne. Iyalinku kuɗin yau kaɗai za su rasa in kun fito, in kun ƙi kuwa har da mai nemowa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu ta wannan hanya, ya ba iyalansu haƙuri, ya raya marayunsu. Allah ya sa albarka a guminmu, ya tsare mu daga sakaci da kwaɗayi, ya ba shugabanninmu ikon tsayawa kan amanar rayukan talakawa.